Tsinken Auduga a Watan Azumi

Gidan kula da tsofaffin da na yi wa aiki yana Legas ne, bayan titin Abule Egba. In ka sauka daga danfo, wato bas ɗin haya, sai ka ratsa ta gefen masu walda kafin ka hango koren get ɗinsa. Ba wani babban wuri ba ne, tsohon gida ne da wata nas Bayarabiya ta gyara bayan ta yi ritaya, ta zuba gadaje, ta ɗauki ma'aikata. Madam muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni daga Agege nake zuwa kullum. Can aka haife ni, can na yi makaranta, kuma Yarabanci ya zauna a bakina daram, shi ya sa ma ta ɗauke ni.

Mu biyu ne Hausawa a cikin ma'aikatan, ni da Yaya. Ba mu haɗa jini ba, girma ne kawai ya sa nake ce mata haka, don ta kusa haifata. Mutuniyar ƙasar Katsina ce, aure ya kawo ta Legas tana yarinya, mijinta mahauci ne a abbatuwa har Allah ya karɓi ransa. Ta fi ni daɗewa a garin da aka haife ni, amma in ta buɗe baki da Yarabanci sai ka tausaya wa Yarabancin. Ita kuma ba ta kira na da komai sai 'yar Legas, wai Hausata ta sha manja. Mace ce mai sanyin magana, mai tsafta, hannunta da laushi a jikin tsoho. Amma taurin kai? Tabɗi. In Yaya ta ce a'a, je ka nemi wani aikin ka yi.

A cikin tsofaffin kuwa Bahaushiya ɗaya ce tak, Hajiya. Madam da sauran ma'aikata Alhaja suke ce mata. Basakkwaciya ce, maigidanta ya yi fataucin shanu tsakanin arewa da Legas shekara da shekaru kafin ya rasu. Ɗa ɗaya ya rage mata, shi kuma yana ƙasar waje, takardunsa ba su ba shi damar ya fito ya koma ba. Da ɓarin jikinta ya shanye, ya rasa wanda zai riƙe ta tsakani da Allah, sai ya kawo ta wurinmu ta hannun wani abokin mahaifinsa. Mutanen unguwa sun yi ta surutu, wai ina aka taɓa kai uwa gidan haya. Ni dai ban ga ko ɗaya daga masu surutun ya zo ya canza mata zanen gado ba.

Hajiya ba ta da sauƙi. Ba ta cin amala, ba ta cin eba, shinkafa ma sai ta ga dama. In na dama mata kunu sai ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai, ta ce wannan kokon Yarabawa ne na sa wa tsamiya. Amma in Yaya ta dama, da geron nan da tsamiyar nan, sai ta shanye har ta lashi cokali. Yaya ce ke mata wanka, ita ke mata kitso, ita ke karanta mata ƙananan surori in harshenta ya yi nauyi. Ɗiyata take ce mata. Ni kuwa sai dai "ke yarinya". Ya ɗan ba ni haushi da farko, daga baya na saba.

Wata rana wani tsoho da ke ɗakin kusa da nata ya rasu. Tsarin gidan shi ne da zarar likita ya tabbatar, Madam ta kira motar mutuware, dangi su bi gawarsu can. Hajiya ta ji ƙarar motar da hayaniyar masu ɗauka, Yaya na tsaka da tsefe mata kai. Ta tambaye ni ina za a kai shi. Ni da bakina da ba ya shiru na zauna na zayyana mata komai: za a sa shi a firij, zai iya yin wata da watanni kafin 'ya'yansa su taru, su ɗinka anko, su kira makaɗa. Yaya tana ta harara ta, ban lura ba sai da na gama.

Hajiya ta saurare ni har ƙarshe. Can sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannun Yaya.

"Ɗiyata," ta ce, "in tawa ta zo, ki kasance a kaina. Ke za ki laƙƙana mini shahada, ke za ki rufe mini ido, ke za ki wanke ni. Kada ki bari a sa ni cikin ƙanƙara."

Yaya ta ce, "In Allah ya yarda, Hajiya."

"Ba irin in Allah ya yarda na mutanen garin ga nike so ba."

"Na ɗauka," in ji Yaya. "Amana ce, na ɗauka."

Na ce, "Ni fa, Hajiya? Ni ba Musulma ba ce?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da ƙadangare ke kora daga banɗaki?" Muka yi dariya mu duka, Yaya ta ci gaba da tsifa.

Lokacin korona ta riga ta sauya mana aiki. An hana baƙi shiga, takunkumi a fuska daga safe har yamma, ga bokitin ruwa da sabulu a bakin get. Da allurar rigakafi ta wadata, Madam ta ce kowa ya je ya yi. Na je na yi tawa, hannuna ya yi tsami, na kwana da ɗan zazzaɓi, shi ke nan. Yaya ta ce ita ba za ta yi ba. Na tambaye ta dalili, ta ce tunda take ba a taɓa huda jikinta ba alhali lafiyarta ƙalau. Na san kuma akwai saƙonnin murya da 'yan'uwanta ke turo mata daga gida, waɗanda ba su da kai ba su da gindi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gatse. Na ce, "Haba Yaya, ni da na yi ga ni a gabanki, ƙaho ya fito mini?" Ta ce, "Ke ai dama da ƙahonki aka haife ki."

Madam ba ta kori kowa ba. Tara mu ta yi a tsakar gida ta ce wanda bai yi allura ba ba ta tilasta shi, jikinsa ne. Amma tsofaffin nan, ko mura ta kama ɗayansu sai an yi da gaske, kuma amanarsu a wuyanta take. Saboda haka duk wanda bai yi ba, ranar Litinin da ranar Alhamis za a gwada shi a bakin get kafin ya sa ƙafa a ciki. Ban ga laifinta ba a lokacin, har yanzu kuma ban gani ba.

Benci aka ajiye a waje, ƙarƙashin rumfar maigadi. Madam da kanta take fitowa da safar hannu da ɗan akwatinta. Wani siririn tsinke ne mai auduga a baki, a zura maka shi a hanci har sai hawaye sun zubo, a juya, a zaro. Sai ta tsoma shi cikin wani ruwa ta ɗiga a kan 'yar farar roba, a jira kaɗan. In layi ɗaya ya fito ka shiga, in biyu ne ka koma gida. Da farko su uku ne a kan bencin, da mai girki da mai wanki. Ba a daɗe ba waɗannan biyun suka ga allura sau ɗaya ta fi tsinke kullum, suka je suka yi. Aka bar Yaya ita kaɗai. Za ta zauna, ta ɗaga haɓa, a zura, ta yi atishawa ta ce alhamdu lillahi, Madam ta ce mata pele, wato sannu. Ko sau ɗaya ban ji ta yi ƙorafi ba.

Sai azumi ya zo. Ana saura kwana kaɗan a ga wata, muna shanya zannuwan gado a bayan gida, ta ce mini, "'Yar Legas, ba zan yi gwajin nan da azumi a bakina ba."

Na ce, "Saboda me?"

"Ina jin sa har maƙogwaro. Ko a alwala ai an ce mai azumi kada ya zurfafa shaƙar ruwa. To ina ga abin da za a zura maka har ka ji ɗanɗanonsa?"

Na ce busasshiyar auduga ce, ba abin da ke wucewa ciki. Ta ce ita ta san abin da take ji. Kuma tun tana ƙarama mahaifinta ya karantar da su cewa wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, ba ramuwar kwana ɗaya ce a kansa ba, kaffara ce, wata biyu a jere ba hutu. Na sa maigidana ya tambayi limamin masallacinmu a Agege. Liman ya ce babu komai, gwajin ba ya karya azumi. Na kawo mata amsar da murnata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Shi liman an taɓa zura masa?"

Ni na yi mata tafinta wurin Madam. Ta roƙa a riƙa gwada ta bayan an sha ruwa, ta shiga da safe. Madam ta ce gwajin daren jiya ba zai gaya mata wanda kika tsaya kusa da shi a sahun tarawihi ba, ko wanda ya yi miki tari a danfo da safe. Ta roƙa a mai da ita aikin kwana. To masu kwana kuma tun rana ba ta faɗi ba suke karɓar aiki, magariba a Legas sai ta ja rai, kenan dai da azumin za a zura. Madam ta murza goshi, sannan ta ce in haka ne ta huta a gida har Sallah, aikinta na jiran ta. A kan haka aka tsaya.

Ranar da Yaya za ta tafi ta shiga ta gaya wa Hajiya. Ta ce wata ɗaya ne, kamar gobe ne, kuma ga 'yar Legas nan. Hajiya ta ce, "To." Ta juya fuskarta bango.

Wallahi na yi iya ƙoƙarina a watan nan. Yaya takan dama kunun tsamiya a gida ta kawo a filas har bakin get ta ba maigadi. Kunun nan dai nata ne, amma in na ɗaga cokali sai Hajiya ta karɓi biyu ta rufe baki. Tagar ɗakinta bayan gida take kallo, balle Yaya ta tsaya a titi su ga juna. Na gwada haɗa su a waya, sai ta riƙa kallon wayar tana tambayata wa ke magana a ciki. Ita ba azumi take ba, ga ciwo ga magani, amma ci ya gagara. A kan idona ta riƙa zubewa. Likita ya zo ya duba, aka yi mata gwajin ita ma, ya ce ba korona ba ce, jiki ne ya gaji. Ɗanta ya kira ta waya mai hoto, ya yi ta kuka, ita kuwa sai kallon sa take.

Kullum in na tashi aiki nakan biya gidan Yaya in gaya mata halin da ake ciki. Takan saurara, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta sunkuyar da kai a kan abin da take yi. Raina yana ɓaci sosai. Ina ganin mace ta ɗauki amana da bakinta, ta zo ta zauna tana gadin hancinta.

Wata Talata, an shiga goman ƙarshe, bayan azahar numfashin Hajiya ya sauya. Yana ja, ya tsaya, ya dawo. Madam ta shigo ta taɓa ƙafafunta, ta dube ni ta ce in akwai wanda za a kira a kira shi yanzu. Na fita baranda na kira Yaya. Ban yi sallama ba ma.

Na ce, "Yaya, Hajiya na tafiya. In za ki zo ki zo. In kuma azuminki ya fi, ki zauna, ni zan yi abin da na iya, motar mutuware ta yi sauran."

Kashe wayar ta yi. Na tsaya ina huci, ban san ko zuwa za ta yi ko fushi ta yi ba.

A kan okada ta iso, wato acaɓa, ita da ko keke mai ƙafa uku sai ta yi addu'a kafin ta hau. Ta sauka mayafinta a karkace, ba ta dubi kowa ba, ta wuce ta zauna a kan bencin. Madam ta fito da akwatinta. Ta tsaya a gabanta ta ce mini in tambaye ta ko ta tabbata. Kafin in fassara Yaya ta riga ta sauke takunkumi ta ɗaga haɓa ta rufe ido. Leɓɓanta na motsi, na ji tana cewa astagfirullah. Aka zura, hawaye suka gangaro, aka zaro.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Wallahi Yaya bai karye ba."

Ta ce, "Yi mini shiru, 'yar Legas."

Muka jira. Ban taɓa ganin ruwa ya yi nawa irin na ranar ba wajen hawa 'yar robar nan. Maigadi ya kashe rediyonsa. Layi ɗaya ya fito, Madam ta matsa gefe, Yaya ta wanke hannu a bokiti ta shiga.

Hajiya na jin muryarta ta buɗe ido. "Kin zo," ta ce, da ƙyar ake ji.

"Na zo, Hajiya."

Yaya ta sa muka tura gadon ya fuskanci alƙibla. Ta jiƙa tsumma ta goge mata fuska da wuya, ta zauna a bakin gadon tana karatu ƙasa-ƙasa. Muna ta jiran abin da muke jira, bai zo ba. Wajen la'asar numfashin ya daidaita. Kafin rana ta yi ja har Hajiya ta karɓi kunu a cokali, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Madam ta leƙo ta gani, ta girgiza kai ta koma.

Na ɗebo ruwa mai sanyi a kofi na kai wa Yaya. Na ce tunda a wurinki ya karye, ki sha mana, kin sha rana. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Don ya karye sai in hau ci da rana tsaka a watan Ramadan? Watan ba shi da alfarma?" Haka ta kame bakinta har aka kira magariba, muka sha ruwa tare a baranda da dabino da ƙosan da mai girki ta soya mana.

Madam ta yarda Yaya ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Hajiya ta riƙa kwana. Ranar Laraba da yamma ta ce in zauna mata, za ta je gida ta ɗauko kayan sawa da farin yadin da ta daɗe da tanada. Ta je ta dawo. Ranar Alhamis da safe ina saukowa daga wajen masu walda sai na hango mutum a kan benci. Yaya ce, ta fito daga cikin gidan ta zauna a waje.

Na ce, "Me kike yi a nan kuma?"

"Yau Alhamis."

"Haba Yaya! A ciki kika kwana. Madam ba ta ce miki komai ba."

Ta ce, "Jiya na hau danfo, wata na bayana tana ta tari tun daga Agege. Ba Hajiya kaɗai ce tsohuwa a gidan nan ba. Kira mini Madam."

Daga baya Madam ta gaya mini ita ta riga ta shirya mantawa da ranar. Amma da ta fito ta ga matar zaune ta ɗaga haɓa, sai ta sa safar hannunta. Layi ɗaya ya sake fitowa.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta cika. Ba wata hayaniya. An yi yayyafi da safe, gari ya yi sanyi, ina ninke tawul a gefe. Yaya ta ce, "Ajiye wannan ki matso." Ta sunkuya daidai kunnenta tana maimaita kalmar shahada a hankali, ba ta ce mata ki ce ba, faɗa kawai take. Na ga leɓen Hajiya ya motsa. Bayan nan numfashin ya fita bai dawo ba. Yaya ta shafa idanun ta rufe su, ta kwance ɗankwali ta ɗaure mata haɓa, ta miƙar da hannun da ya shanye gwargwadon yadda zai miƙu. Sai a lokacin ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ni kuma kuka ya ƙwace mini.

Madam ta shigo da waya a hannu kamar yadda ta saba. Yaya ta miƙe ta tsaya tsakaninta da gadon, ta ce mini, "Gaya mata." Na gaya mata amanar da Hajiya ta bar wa Yaya duka, da Yarabanci, ina shessheƙa. Madam ta ce likita dai dole ya zo ya tabbatar, kuma sai ɗanta ya amince da bakinsa. Likita ya zo, ɗan ya amince yana ta sa mana albarka. Ba a kira motar ba.

A ɗakin wanka na baya muka wanke ta. Yaya ke wankewa, ni ke zuba ruwa, karo na farko a rayuwata. Na riƙa kwara ruwan da sauri har butar na bugun bokiti. Ta ce, "Zuba a hankali, ba mota kike wankewa ba." Muka sa mata likkafani da yadin da ta ɗauko. Maigidana ya sanar a masallaci, tsofaffin abokan mijin Hajiya na kara, wato kasuwar shanu, da abbatuwa suka zo da mota da makara, wasu ma da kayan aiki a jikinsu. Bayan la'asar aka sallace ta aka kai ta. Ba ta kwana ba.

Kwana biyu bayan haka Yaya ta zo gidana ta ce in raka ta asibiti, za ta yi allurar, irin wadda ake yi sau ɗaya. Na ce da azumin? Ta ce ta hannu ce, ba ta bi ta maƙogwaro. Kai, ranar na yi baki! Tun daga gida har layin asibiti ina cewa ai dama na faɗa, da an ji maganata tun farko da ba a sha wannan wahala ba. Ita dai ta naɗe hannun rigarta. Aka yi mata, ta sauke hannun rigarta muka dawo. Madam ta ji daɗi, aka mai da bencin cikin gida.

Bayan Sallah ta dawo aiki. Na lura ba ta zama cin abincin rana da mu, na ɗauka sittu Shawwal take yi. Mako ya wuce, wani ya bi, har yanzu ba ta ci. Na tare ta a wurin shanya na tambaye ta. Ta ce kaffara take. A nan na gane dalilin allurar: ba maganata ta ji ba, so take kada tsinke ya sake katse mata wata biyun.

Na hau ta da faɗa. Na ce liman ya ce ko ramuwa babu a kanki, ke ce kika fi shi karatu? Ta bari na gama tas, tana matse zanen gado.

"Liman ya faɗi abin da ya sani game da auduga," ta ce. "Ni kuma na san abin da ke zuciyata lokacin da na zauna a bencin nan. Ban zauna ina cewa ba komai ba. Na zauna ina ganin karyawa nake yi, kuma na yarda na karya. Wannan liman bai gani ba, Allah ya gani."

Na sa maigidana ya mai da wa liman maganar yadda ta faɗe ta. Ya dawo ya ce liman ya ce a ƙyale ta.

Haka ta yi ta yi, cikin damina, ga ɗaga tsofaffi ga wankin kashi da fitsari. Ta rame, zobenta ya koma babban yatsa. Madam ta rage mata aiki mai nauyi ba tare da ta ce don me ba. Ni kuma na daina cin abinci a gabanta, nakan ɗauki kwanona in koma rumfar maigadi. Ana gab da Babbar Sallah wata biyun suka cika. Ranar layya na je gidanta na same ta tana cin hanta da yaji, na ji daɗi har raina, na ce to alhamdu lillahi, an sauke.

Bayan an gama hidimar Sallah da kamar mako guda na soya nama na musamman, na zaɓo mai taushi saboda haƙoranta, na kawo wurin aiki. Da rana na same ta a baranda na buɗe kwanon a gabanta na ce bismillah.

Ta leƙa ta ce, "Ya yi kyau. Ajiye mini sai an sha ruwa."

Na ce, "Wane ruwa kuma? Ba kin gama ba?"

"Wancan na Talata ne," ta ce. "Yanzu na ɗauki na Alhamis."

Sai na tuna tsinken da ta fito benci da kanta ta karɓa ranar Alhamis. Tausayinta da ƙaunarta suka kama ni. Na rufe kwanon na zauna riƙe da shi a cinya. Ita kuwa ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce in taso in kama mata mu juya Baba na ɗakin ƙarshe, ya daɗe a kan ɓari ɗaya.